BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TARIHIHIN KISRA NA GIDAN SARAUTAR ILLO

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an yi bayanin ƙasar Illo da al'ummomin da ke zaune a cikinta, wato Busawa da Kyangawa da Dandawa da Fulani da Hausawa. An kuma nuna inda ta faɗa a yau, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. A wannan babi za a ɗauki labarin da gidan sarautar Illo ke kafa hujja da shi game da asalinsa, wato tarihihin Kisra, a yi masa sharhi ta fuskar taurari da zubi da tsari da jigo, kamar yadda ake yi wa kowane reshe na adabin baka na zube.

Ra'ayin da babin zai bi shi ne cewa waɗanda suka fara rubuta wannan labari sun ƙarar da ƙarfinsu wajen neman hanyar da Kisra ya biyo daga Gabas, alhali kuwa abin da labarin ya damu da shi yana nan bakin Kwara. Tarihihin yana amsa tambayoyin da suka dami masu mulkin ƙasar Bargu ne: me ya sa su ke sarauta ba waɗanda suka tarar ba, wane gida ke gaba da wane, kuma yaya sarkin da bai musulunta ba zai zauna da malamai da fatake Musulmi waɗanda arzikinsa ya rataya a kansu.

4.1 Tarihihin a Taƙaice

An ce Kisra wani sarki ne a ƙasashen Gabas a zamanin Annabi (SAW). Wasu masu ruwaya suna ajiye shi a Makka ko kusa da ita, wasu kuma su ce Farisa. Da aka kira shi zuwa ga Musulunci sai ya ƙi, aka gwabza yaƙi, aka rinjaye shi. Daga nan ya kwashi jama'arsa da dawakinsa da tamburansa ya yo yamma, ya yada zango a Borno, sa'an nan ayarin ya ci gaba, rundunar Musulmi tana biye da sawunsa. Da suka iso bakin Kwara daidai Illo, a lokacin kogin bai fi rafi ba, sai suka haye. Suna gama hayewa ruwa ya buɗe, ya yi faɗin da ake gani a yau, masu bin sawu suka tsaya a wancan gaɓa, suka juya.

Bayan haka 'ya'yansa uku suka raba ƙasa. Woru, babbansu, ya kafa Busa. Sabi ya kafa Nikki, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Benin. Bio, ƙaraminsu, shi ya zauna Illo. Zuriyar waɗannan uku su ne Wasangari, wato jinin sarauta, mahaya dawaki, waɗanda suka mulki Bargu.

Ruwayoyi sun saɓa a kan ƙarshen shi Kisra. Wasu sun ce ya iso Bargu da ƙafarsa, wasu sun ce ya rasu a hanya ko ya ɓace, 'ya'yan ne suka ƙarasa da ayari. Haka kuma ba Bargawa kaɗai ke jingina da shi ba, domin ana samun sunansa a Karishen ta ƙasar Kwantagora da kuma wajen Jukunawan Wukari. Wannan nazari dai ya tsaya ne a kan ruwayar Bargu.

4.2 Kisran Littafi da Kisran Baka

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san sunan Kisra tun kafin ya ji labarin Bargu. Laƙabi ne da Larabawa ke kiran sarakunan Farisa da shi, kamar yadda suke cewa Ƙaisar ga na Rumawa, Najjashi ga na Habasha. Kisran da ya yi zamani da aiko Annabi (SAW) shi ne Khusrau na Biyu, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 628. Shi ne aka aika wa wasiƙa ta hannun Abdullahi ɗan Huzafa, ya karanta ya kekketa ta, Annabi (SAW) ya yi addu'ar a kekketa mulkinsa, kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari. Rundunarsa ta kama Masar a wajen 619, ta riƙe ta har 629. Hiraƙla sarkin Rumawa ya karya shi a 627, sa'an nan ɗansa na cikinsa ya tuɓe shi, ya sa aka kashe shi a 628 a babban birninsa. Ke nan Kisran littafi bai taɓa sarautar Makka ba, bai yi gudun hijira ba, bai kuma taka ƙasar Sudan ba.

Duk da haka Turawan da suka fara tattara labarin sun nace sai sun haɗa Kisran baka da na littafi. Leo Frobenius, Bajamushen da ya zagaya Nijeriya tsakanin 1910 da 1912, da H. R. Palmer, mai littafin Sudanese Memoirs na 1928, sun karkata ga cewa akwai wata ƙaura ta gaske daga kwarin Nilu bayan faɗuwar Farisawa a Masar, wadda ita ce labarin ke tunawa. Wasu ma suka ce ai sunan Kiristi ne baki ya lanƙwasa, don haka Bargawa jikokin Kiristocin Nubiya ne. Idan aka dubi zamanin da suka yi rubutu, ba abin mamaki ba ne. Lokaci ne da Bature ke ganin duk inda aka sami sarauta mai tsari a ƙasar baƙar fata, to wani farin baƙo ne ya kawo ta. Labarin Kisra ya zo musu daidai da abin da suke nema, suka karɓe shi hannu biyu, ba su tsaya tambayar wa ke faɗinsa, a gaban wa, don me ba.

Hujjar harshe ba ta goyi bayansu ba. Busanci da Bokanci da Kyanganci duk 'yan gidan harsunan Mande ne, danginsu suna yamma, wajen Barkina Faso da Mali da Kwaddibuwa. Dandanci reshen Sanwai ne. Harshen Batonu na Nikki shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da dangantaka da Farisanci. Jama'ar da aka ce ta taso da sarkinta da mayaƙanta da makaɗanta, da wuya a ce ba ta bar ko ɗan abin da za a kama a bakin jikokinta ba. Daɗin daɗawa, wasu manazarta sun nuna cewa a Busanci ki na nufin sarki, sira kuma baƙi, don haka Kisira na iya zama kalmar gida mai ma'anar baƙin sarki, wadda daga baya kunnen malami ya ji ta yi kama da Kisran da ya sani a littafi. Wannan bayani bai zama yankan shakku ba, amma ya fi na ƙaurar Farisawa sauƙin haɗiya, domin bai buƙaci a ɗauko runduna daga Masar a ratsa da ita Sahara ba. Abin lura kuma shi ne, lokacin da Hugh Clapperton ya biyo ta Busa a 1826, Borno ya ji ana danganta asalin gidan da ita.

Phillips Stevens, a maƙalarsa ta 1975, ya soki yadda marubutan farko suka karkatar da labarin zuwa ga son ransu. Marjorie Stewart kuma a 1980 ta ɗauke shi a matsayin tarihin baka mai ɗauke da bayanin siyasar Bargu. Wannan nazari ya fi kusa da hanyarsu, sai dai zai ƙara da duba yadda aka gina labarin shi kansa.

4.3 Taurari da Zubi da Tsari

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne sunayen 'ya'yan nan uku. Woru da Sabi da Bio ba sunayen Farisawa ba ne, ba na Larabawa ba ne. Sunayen jerin haihuwa ne da ake amfani da su a Bargu har gobe: ɗan fari namiji Woru, mai bi masa Sabi, na uku Bio. Daidai suke da Dikko da Sambo da Yero a wajen Fulani, waɗanda duk mutumin Ka'oje ya san ma'anarsu. Saboda haka idan mai ba da labari ya ce Woru ya kafa Busa, Sabi ya kafa Nikki, Bio ya kafa Illo, abin da kunnen Babarge ke ji shi ne: na fari Busa, na biyu Nikki, na uku Illo. Sunan tauraro shi ne matsayin garinsa. Ba a ba wa ko ɗayansu hali ko siffa ko wata bajinta ta kansa ba, ba a ce wane jarumi ne wane mai haƙuri ba, domin ba don haka aka kawo su ba. A ma'aunin tatsuniya ko ƙagaggen labari wannan rauni ne, tun da taurarin ba su da jini a jika. A ma'aunin tarihihi kuwa gwaninta ce, domin da kalma uku an tsara zaman fada na ƙasa guda, an kuma sa shi cikin sigar da yaro ma ba zai manta ba.

Wannan jeri bai dace da ƙarfin garuruwan ba, kuma a nan ne amfaninsa yake. Nikki ta fi Busa faɗin ƙasa da yawan mayaƙa, amma Busa ke riƙe da girman wa. Ƙane yana iya fin wansa dukiya da dawaki, ba ya dai zama wa. Ta haka labarin ya raba girma da ƙarfi, ya ba kowa abin riƙewa. Ba a ce kowa ya gamsu ba. A Nikki sunan da aka fi ambata wajen kafuwar sarauta shi ne Sunon Sero da garin Wenu, kuma ruwayar can ba ta tsaya a kan ƙanƙantar da kai ga Busa ba. Kowane gida yana jan bargon ya rufe ƙafarsa.

Illo fa, da aka ba ta matsayin auta? A nan ne zubin labarin ya yi mata adalci ta wata ƙofa. An sa ta ƙarshe a jerin haihuwa, amma an sa ta farko a jerin wurare. A Illo aka haye, a Illo mu'ujiza ta auku, ƙasarta ce ta fara ɗaukar kofaton dokin baƙi. Mai wannan bincike ya lura cewa dattawan da ya zanta da su a Illo sukan gaggauta wuce zancen rabon ƙasa, su daɗe a kan zancen hayi, suna nuna kogi da hannu. Wato abin da labarin ya rage musu ta wajen shekaru ya mayar musu ta wajen wuri. Auta ne, amma shi aka bar wa tsaron ƙofa.

Hayin kogin shi ne ƙololuwar labarin, kuma shi ya fi kowane sashe nuna hannun wanda ya san ƙissoshin Alƙur'ani. Mutane suna gudu, runduna tana bin su, ruwa ya tare gaba, masu gudu suka haye, ruwa ya hana masu bi: wannan ƙashin bayan ƙissar Annabi Musa (AS) da Fir'auna ne. Bambancin shi ne an juya rigar. A ƙissa ruwa ya tsare don masu imani, ya halaka wanda ya ƙi. A tarihihi ruwa ya buɗe don ya kare wanda ya ƙi, ya tsai da masu imani. Haka ma fitar Kisra daga garinsa saboda addini, ta ɗauki siffar hijira, sai dai wannan hijira ce daga Musulunci. Amma a lura da inda mai labari ya ja linzami. Fir'auna da rundunarsa nutsewa suka yi. Rundunar da ta biyo Kisra kuwa ko mutum ɗaya bai nutse ba, tsayawa suka yi suka koma gida lafiya. Labarin bai yarda ya kashe Musulmi ba. Ya dai shata iyaka, ya ce ku can, mu nan. Mai son nuna ƙiyayya tsantsa ba zai bar wannan dama ta wuce shi ba, don haka dole a ɗauka da gangan aka bar ta.

Akwai kuma abin da labarin ya yi shiru a kansa. Idan aka kwatanta shi da tarihihin Bayajida, za a ga cewa baƙon Daura sai da ya biya sarauta da aiki: ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya ba mutane ruwa, sa'an nan ya auri Daurama. Za al-Ayaman na Sanwai, wanda aka ce daga Yaman ya zo, shi ma sai da ya kashe kifin da mutanen Kukiya ke bauta wa. A waɗannan labarai mutanen gari suna nan, suna da matsala, baƙo ya warware, suka saka masa. Kisra da 'ya'yansa ba su kashe komai ba, ba su ceci kowa ba. Sun zo da sarautarsu a kan sirdi, kamar ƙasar babu kowa. Kyangawa, waɗanda ake ɗauka sun riga gidan sarauta zama a yankin Illo, ba su da ko layi ɗaya a cikin ruwayar fada. Alhali Jacques Lombard, a littafinsa na 1965 a kan Bargun Benin, ya nuna cewa mulkin Wasangari ya zauna ne a kan rabon aiki: su da doki da mashi, masu ƙasa kuma da tsafin ƙasa da hurumin da sarki ba ya shiga. A ganin mai bincike wannan shiru shi ne babban gibin tarihihin, kuma shi ke tona cewa labarin fada ne, ba labarin gari ba.

Ba laifi a leƙa wata nahiya don a ga cewa wannan dabara ba ta Bargu ce kaɗai ba. A ƙasar Sukotland akwai gidan sarautar Hay, waɗanda takardu suka tabbatar asalinsu Nomandi ce ta Faransa. Kakansu William de Haya ya yi hidima a fadar sarakunan Sukotland a ƙarni na 12, aka ba shi ƙasar Errol, kuma a 1314 Sarki Robert Bruce ya tabbatar wa jikansu Gilbert muƙamin babban jami'in tsaron masarauta, ya zama na gado. Amma labarin da gidan ya shahara da shi, wanda Hector Boece ya rubuta a tarihinsa na 1527, cewa ya yi kakansu wani manomi ne ɗan ƙasa, wanda shi da 'ya'yansa biyu suka tare wata ƙuntatacciyar hanya da karkiyar shanun noma a yaƙin Luncarty, a ƙarni na 10, suka mai da mayaƙan da ke gudu fagen fama har aka kori mutanen Danmak. Sarki ya saki shaho, ya ba su duk ƙasar da ya ratsa kafin ya sauka. Ga baƙi na gaske sun ƙago wa kansu kaka ɗan ƙasa, ga kuma Wasangari, waɗanda harshensu ke nuna 'yan yankin ne, sun ɗauko kaka daga Farisa. Kowanne ya nemi abin da ke ƙara daraja a idon waɗanda yake zaune da su. A Sukotland ta wancan lokaci tsufa a ƙasa ne abin alfahari. A Sudan kuwa Gabas ce: Sefawan Borno da Saifu ɗan Zi Yazan, Daura da Bagadaza, Gobirawa da Kibɗawan Masar.

4.4 Jigo

To amma idan Gabas ake nema, me ya sa aka zaɓi Kisra? Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya. Sauran gidajen sarauta sun zaɓi kakan da ba ya jawo musu zargi. Bargawa sun zaɓi mutumin da ya yaga wasiƙar Annabi (SAW). Mafi kusa da su a wannan su ne Yarbawa, a ruwayar da Samuel Johnson ya kawo cikin littafinsa da aka buga a 1921, inda aka kori Oduduwa ɗan Lamurudu daga Makka saboda komawa ga gumaka.

Amsar tana cikin yadda Bargu ta rayu. A gefe guda ƙasa ce da ta yi suna wajen ƙin miƙa wuya. Tarikh al-Sudan ya kawo cewa Askiya Muhammadu na Sanwai ya kai mata yaƙi a wajen 1505, ya yi asarar manyan mayaƙansa. A ƙarni na 19 ma jihadi bai ci Busa da Nikki ba, har ma Sarkin Nikki ya haɗa kai da Alafin na Oyo suka yaƙi Ilori a wajen 1830 da 'yan kai, inda dukansu suka rasa rayukansu. A ɗaya gefen kuma ƙasar tana kan hanyar fataucin goro. Ayarin Hausawa da ya taso daga Kano ko Sakkwato zai bi ta Jega, ya haye Kwara a wurare irin su Illo, ya ratsa Bargu ta Nikki ko Jugu, kafin ya kai Salaga ta ƙasar Gwanja. Kuɗin fito da gaisuwar madugai da hadahadar zango su ne abincin fada. A cikin garuruwan kuma akwai unguwannin Wangarawa da Dandawa, Musulmi, masu limamai, waɗanda ke yi wa sarki rubutu da addu'a. Sarki ba zai iya korar su ba, ba zai kuma iya bin su salla ba tare da ya saki abin da sarautarsa ta tsayu a kai ba.

Kisra ya warware wannan ƙulli. Da shi gidan sarauta ya sami gurbi a cikin tarihin da malamai suka yarda da shi. Ba wasu arna ne da ba a san da su ba, jikokin sarki ne da sunansa ke cikin Bukhari, wanda ya isa a rubuta masa wasiƙa. A lokaci guda kuma labarin ya ba da uzurin ƙin musulunta: gado ne, kaka ya ƙi tun farko, jika ba ya warware abin da kaka ya ƙulla. Malamin da ke zaune a inuwar wannan sarki shi ma ya sami abin faɗa wa kansa da baƙinsa. Don haka jigon tarihihin, a ra'ayin wannan nazari, zaman tare ne bisa sharaɗi, an sa masa rigar tawaye. Paulo de Moraes Farias, wanda a 1992 ya buga wata wasiƙa ta Sarkin Busa Kitoro Gani a kan labaran Kisra, ya ja hankali ga wannan fuska, wato a karanta labaran cikin dangantakar Wasangari da Musulmin da ke zaune tare da su.

Al'ada ta ƙarfafa wannan fahimta. Akwai ruwayar da ake dangantawa da Busa, mai cewa da aka sake aiko wa sarki da kira, sai ya yarda ya kai goshi ƙasa, yana ɗagowa ya haye doki aka buga tambarin yaƙi. Rabin biyayya, rabin ƙi, a zama ɗaya. Bikin Gani kuma, wanda shi ne babban taron Wasangari a Nikki da Busa, inda ake fito da tambura da kakaki, 'yan sarki su yi hawa su kai gaisuwa, yana faɗawa ne a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi, watan da Hausawa ma ke kira watan Gani, ake Sallar Gani a Daura. Zuriyar wanda aka ce ya guje wa Annabi (SAW) ta ɗora babban bikinta a kan watan haihuwarsa. Wanda ya ɗauki tarihihin a matsayin ƙiyayya kawai ba shi da yadda zai bayyana wannan.

4.5 Tarihihin Bayan An Raba Bargu

Zaman da ya haifi labarin ya rushe cikin ɗan lokaci. A 1894 Lugard da Faransawa suka yi tseren zuwa Nikki neman yarjejeniya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Cikin shekaru goma na farkon mulkin Ingilishi aka yanke Illo daga Busa aka haɗa ta da masarautar Gwandu. A 1915 aka tuɓe Kitoro Gani, aka sa Busa ƙarƙashin Yawuri, abin da ya jawo tawayen Sabukki, wanda Michael Crowder ya rubuta littafi a kansa a 1973. A 1968 ruwan madatsar Kainji ya shanye tsohuwar Busa. Yau gidan Woru yana Jihar Neja, gidan Sabi yana wata ƙasa mai aiki da Faransanci da kuɗin sefa, gidan Bio kuma gunduma ce a ƙarƙashin gadon Abdullahi ɗan Fodiyo. A cikin labari kogi ya tsai da rundunar Musulmi a wancan gaɓa. Alƙalamin Bature bai tsaya neman jirgin fito ba.

Wannan ya jefa masu ruwayar Illo cikin tsaka mai wuya. Su Musulmi ne, 'ya'yan Musulmi, kuma da Hausa mafi yawansu ke ba da labarin yanzu, a gaban yaran da suka karanta hadisin wasiƙa a Islamiyya. Idan suka saki Kisra sun saki igiyar da ta ɗaure su da Busa da Nikki, wadda ita ce shaidar cewa Illo gadon sarauta ce mai zaman kanta tun kafin a san da Gwandu. Idan suka riƙe shi yadda yake, sun yi alfahari da wanda aka yi wa mummunar addu'a. Abin da mai bincike ya tarar shi ne ana sassaƙe labarin ta gefen da ke suka. Wani dattijo ya fara ruwayarsa ne daga Borno, bai ambaci dalilin tasowa ba sai da aka tambaye shi, ya ce rikicin sarauta ne. Wani kuma ya nuna cewa Kisran nasu daban ne da na littafi, suna ne ya zo ɗaya. Mai bincike bai ga dalilin kiran wannan ƙarya ko ɓata tarihi ba, tun da an riga an nuna cewa shi ma zancen ƙin musulunta wata buƙata ce ta kawo shi. Sai dai gyaran yana da tsada ta fuskar zubi. Da zarar an cire ƙin, to an cire dalilin kora, in kuwa babu masu kora, buɗewar kogi ta zama abin al'ajabi da ba shi da aikin yi a cikin labari. A irin waɗannan sababbin ruwayoyi ana kawo hayin Kwara, ana kawo faɗaɗar ruwa, amma ba a cewa wa aka tsayar a wancan gaɓa.